Akwatin burbushin tirilobayit na makarantu: abin da ke ciki da abin da za a duba kafin a biya kuɗi

A shagunan da ke sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Katsina, inda makarantu ke sayen kwalaben awo da ma'aunin zafi da ƙwarangwal ɗin roba, ana samun wani ɗan akwatin kwali mai gida shida, kowane gida da tirilobayit ɗaya kwance a kan auduga. Babu sunan kamfani a jikinsa. A ƙarƙashin murfin akwai kati da aka buga da Turanci, da ɗan gilashin ƙara girma na roba. Malaman bayoloji da na labarin ƙasa su ne masu sayensa, kuma tambayarsu ɗaya ce: ya ci kuɗinsa? Ya ci, amma sai malami ya san wanne ne dutsen gaske a ciki, wanne ne zubi, wato kwafin da aka zuba a mazubi, kuma sai ya gyara katin da hannunsa kafin ya shiga aji da shi.

Tirilobayit halittar teku ce mai ɓawo da gaɓoɓi, dangin ƙaguwa da kunama da ƙadandoniya ta nesa. Sunan yana nufin mai kashi uku, kuma a tsaye ake ƙirga kashin: tudun da ya ratsa tsakiyar baya daga kai zuwa wutsiya, da fiffike ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ɗalibai kan ɗauka kai da ƙirji da wutsiya ake nufi, domin su ma uku ne, to a gyara musu tun farko. Sun bayyana a duwatsu kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, a zamanin da ake kira Kambiriyan, suka ƙare kimanin shekara miliyan 252 baya, a ƙarshen zamanin Famiyan. Nau'in da aka rubuta sunansu ya haura 20,000.

Huɗu daga cikin shidan zubi ne: Fallotaspis, Olenellus, Redlichia da Paradoxides. Biyu ne na gaske, Elrathia kingii da Flexicalymene. Wannan ba aibi ba ne. Cikakken Fallotaspis na asali ba abin da za a saka a akwatin makaranta ba ne, kuma zubin da aka ɗauko daga kyakkyawan asali ya fi guntun dutsen da ba a gane kansa da gindinsa amfani a aji. Aibin shi ne katin bai faɗa ba. Ya jera shidan a layi ɗaya kamar duk daga rami aka tono su.

Fallotaspis ne ya fi komai daraja a akwatin, kuma saboda shi kaɗai ma za a iya saye. Yana cikin tirilobayit na farko-farko da aka sani. Bafaranshe Pierre Hupé ne ya raɗa masa suna a 1953 daga duwatsun Anti-Atlas na kudancin Maroko, don girmama masanin duwatsu Paul Fallot. Ƙarshen sunan kuma daga kalmar Girkanci ce mai ma'anar garkuwa. An kuma same shi a Saibiriya da yammacin Amurka. Zubin da ke akwatin tsawonsa kamar santimita 7 ne, an yi shi da rezin, wato robar zubi, mai launin ƙasa, kuma mai zubin ya yi aiki. Idan aka ajiye shi kusa da taga da hantsi, haske na zuwa daga gefe, komai yana fitowa: kai mai siffar rabin wata, da dogayen ƙayoyi biyu da suka miƙe baya daga kusurwoyinsa, tudun tsakiyar kai yana tsukewa yayin da yake tafiya gaba, idanu biyu dogaye masu lanƙwasa kamar lauje. A ƙirji, gaɓa ta uku ta fi 'yan uwanta faɗi, ƙayarta ta zarce sauran ta nufi baya. Wutsiyar kuwa ƙanƙanuwa ce, sai an sa gilashi ake bambanta ta da gaɓar ƙarshe. Ƙaramar wutsiya da yawan gaɓoɓin ƙirji alama ce ta tirilobayit na farko, kuma malami na iya nuna wannan da yatsa idan ya jera shi da Elrathia.

Abin da ya fi muhimmanci a kan Fallotaspis shi ne abin da babu. Galibin tirilobayit suna da wani siririn layi a saman kai, wanda ya taso daga gaba, ya bi ta bayan ido, ya sauka. Ɗinkin fuska ke nan. Dabbar tana girma ne ta hanyar saɓa, kamar yadda fara ke fita daga tsohon ɓawonta, kuma ta wannan layin ɓawon kai ke tsagewa, kumatu biyu su ɓalle, ta zare jikinta. Fallotaspis da Olenellus da danginsu ba su da wannan ɗinki a saman kai. Ɓawonsu ta kewayen gefen kai yake buɗewa. Redlichia yana da shi. Don haka idan aka ajiye zubin Fallotaspis da na Redlichia gefe da gefe, ɗalibi na ganin ɗaya daga cikin manyan alamomin da masana ke raba dangogin farko da su. A nan kuma akwai tarko. Dutsen da aka kwafo Fallotaspis daga gare shi yana da tsaga da ta ratsa kuncin hagu, zubin kuma ya kwafo ta. Ɗalibi mai lura zai ce ga ɗinkin fuska. A sa shi ya duba kuncin dama: ɗinki na gaske biyu ne, dama da hagu, iri ɗaya, kuma ba ya zarcewa cikin dutsen da ke kewaye. Wannan tsagar ɗaya ce, kuma ta fita daga jikin dabbar ta ci gaba har bakin dutse.

Zubin Olenellus bai kai wannan kyau ba. Mazubin da aka yi amfani da shi ya gaji, gefunan gaɓoɓi sun dakushe, kuma an shafa masa baƙin fenti mai kauri da ya cike kwarmin tsakiyar kai. Olenellus na gaske yana da doguwar ƙaya a kan gaɓa ta 15, bayanta kuma akwai ƙananan gaɓoɓi da suka tsuke; a wannan zubi ƙayar ta haɗe da gaɓoɓin sun zama dunƙule ɗaya. Ana iya rage fentin da auduga da ɗan asiton, wani ruwa mai narkar da fenti, a shafa sau ɗaya a ɗauke, kada a jiƙa, domin asiton yana dusashe fuskar rezin. Duk da haka yana da amfani wurin darasi. Olenellus na Arewacin Amurka ne, amma ana samunsa a arewa maso yammacin Sikotilan, alhali ba a samunsa a duwatsun Ingila da Wales masu kusan shekaru ɗaya. Dalili shi ne a wancan zamani wannan yanki na Sikotilan yana manne da Arewacin Amurka, teku ce tsakaninsa da Ingila. Malamin labarin ƙasa da ke neman hujjar motsin nahiyoyi wadda za a riƙe a hannu ya samu.

Redlichia ya fito daidai gwargwado, ɗinkin fuska a bayyane. Asalin bayaninsa daga tsaunin gishiri na Pakistan ne, kuma yana da yawa a Sin da Ostireliya. Paradoxides kuwa an rage girmansa ba a faɗa ba. Wasu nau'insa sun haura santimita 30, na akwatin bai kai tsawon biro ba. A rubuta a katin cewa ragagge ne, kuma na tsakiyar Kambiriyan ne, ya zo bayan waɗancan ukun.

Na gasken biyu ƙanana ne, amma su ne za su sa aji ya yi tsit. Elrathia kingii daga dutsen laka na Wheeler yake, a jihar Yuta ta Amurka, inda yake da yawan da ya sa yana cikin tirilobayit masu araha. Baƙi ne a kan toka-toka, kamar santimita 2, gaɓoɓin ƙirji 13. A ƙirga su da gilashi. A wasu akwatunan Elrathia ɗin ba shi da kumatu, kan ya zama siriri kamar an gutsure gefensa biyu, kuma masu saye kan mayar da irin wannan suna cewa karyayye ne. Kada a mayar. Wannan saɓa ce, tsohon ɓawon da dabbar ta fita ta bari, kumatun sun ɓalle ta ɗinkin fuska daidai yadda aka bayyana a sama. Idan akwai zaɓi tsakanin akwati mai cikakken Elrathia da mai saɓa, mu mai saɓa za mu ɗauka, domin shi ne ke tabbatar da darasin. Flexicalymene na Maroko ne, launin ƙasa, a naɗe kamar bushiya ta ji motsi, kai ya haɗu da wutsiya. Haka suke kare cikinsu mai taushi.

Katin ya ba duka shidan shekara miliyan 600, wannan kuskure ne. Tsohon adadi ne da ake samu a tsofaffin littattafai. Zamanin Kambiriyan ya fara kimanin shekara miliyan 539 baya, tirilobayit kuma ba su bayyana ba sai bayan kusan shekara miliyan 18 da farawarsa. Fallotaspis yana kusa da miliyan 520, Elrathia kusa da miliyan 500. Flexicalymene ma ba na Kambiriyan ba ne sam. Na Maroko na zamanin Odobishiyan ne, wajen miliyan 450. Waɗannan lambobi ba sa zama a kan ɗalibi sai an nuna masa. A samu igiya mai tsawon mita 5 da santimita 21, kowace santimita ta tsaya a madadin shekara miliyan ɗaya, a ɗaure ta a jikin bangon aji. Ƙarshenta na nesa shi ne bayyanar tirilobayit, na kusa shi ne yau. A ƙulla alama a santimita 252 daga yau, inda suka ƙare, da wata a santimita 66, inda dinoso suka ƙare. Fiye da rabin igiyar na tirilobayit ne.

Gilashin robar da ke ciki a ba yara su yi wasa da shi. Ƙarfinsa bai wuce ninki biyu ko uku ba, kuma ƙurar hunturu na kakkarce shi cikin mako. A sayi ƙaramin gilashi mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da masu sayar da zinariya. Ana kai shi daf da ido ne, a matso da dutsen har ya fito sarai, ba a miƙa hannu da shi daga nesa.

Inda kuɗi ke salwanta ba a akwatin ba ne. A gefensa wasu shagunan na ajiye babban falle na dutse mai faɗin faranti, da ƙaton tirilobayit ruwan ɗorawa a kwance a kai, ana cewa na asali ne daga Maroko, kuɗinsa ya ninka na akwatin sau da yawa. Mai shago zai ce, “Malam, wannan ba roba ba ne, ɗaga ka ji nauyi.” Ba lallai yana nufin cuta ba, yadda aka sayar masa ke nan. Amma nauyi ba hujja ba ne. A yankin Alnif da Erfoud da Rissani na kudu maso gabashin Maroko akwai gwanayen da ke kwashe kwanaki suna fito da tirilobayit na gaske daga dutse da allura, kuma a wurin akwai masu zuba rezin a mazubi su manna a kan dutsen gaske. Manyan irin su Acadoparadoxides da Cambropallas suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Dutsen na gaske ne, shi ya sa yake da nauyi, dabbar da ke kansa ce ta zubi.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ana yin sa a gaban mai shago da izininsa. A fara da gilashi mai ninki 10, a bi gefunan gaɓoɓi da ƙarshen ƙayoyi ana neman ƙananan ramuka zagayayyu kamar bakin allura. Kumfar iska ce da ta maƙale lokacin zubi, dutse ba ya yin ta. Sai a bi kewayen dabbar: idan akwai zobe na wani abu mai santsi da launinsa ya ɗan bambanta da sauran dutsen, kamar an yi yaɓe, wurin manni ke nan, yawanci garin dutse ne da aka kwaɓa da gam. A jiƙa auduga da asiton a goga a gefe ɗaya. Idan launi ya biyo audugar, fenti ne ko man takalmi. Ruwan goge jan farce yana yi, amma a karanta kwalbar, domin wasu ba su da asiton. Fitilar duba kuɗi mai shuɗin haske tana taimakawa a ɗaki mai duhu, saboda gam da rezin kan yi haske daban da dutse, sai dai ba a yanke hukunci da ita kaɗai, tunda wasu duwatsun ma suna haskawa. Na ƙarshe allura ce da aka gasa a wuta har ta yi ja, a ɗora bakinta a wurin da ba ya nunawa. Rezin zai yi tabo ya ba da warin ƙonanniyar roba. Dutse ko gezau. Idan shagon na da biyu, a jera su: halittu biyu ba sa zuwa da tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, sai in daga mazubi ɗaya suka fito.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Yawancin tirilobayit na gaske daga dutse mai tauri ana gano su ne ta hanyar fasa dutsen da guduma, a ga yankan ɓawo a jikin fasun, a sake manne shi, sannan a sassaƙo daga sama. Don haka siririn layin gam da ya ratsa dutse da dabba gaba ɗaya sau da yawa shaidar gaskiya ce. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ba shi da ko ƙwarzane, dama da hagu kamar an auna da rula. Tsakanin na gaske da na jabu kuma akwai na gyara, inda rabin jiki dutse ne, sauran an cike. Irin wannan ba laifi a saya don ado idan kuɗin ya yi daidai da gaskiyarsa, amma makaranta ba ta buƙatarsa.

Wani zai tambaya ko ba za a samu irin wannan a duwatsunmu ba, a huta da saye. Ba za a samu ba. Manyan duwatsun da ake gani a kudancin jihar Katsina na tsohon ginshiƙin ƙasa ne, giranit da danginsa, waɗanda suka narke ko suka gasu a ƙarƙashin ƙasa, ba sa riƙe burbushin halitta. Duwatsun laka da yashi na Najeriya kuwa daga zamanin Kiretashiyos suka fara, tirilobayit sun riga sun ƙare da fiye da shekara miliyan 100. Burbushinmu na wani zamani ne: dodon kodin teku mai naɗi a dutsen farar ƙasa na Ashaka a Gombe, da Goronyosaurus, ƙaton mai rarrafe na teku da aka samu a yankin Sakkwato aka sa masa sunan Goronyo. A igiyar bango, wurin Goronyosaurus yana kusa da alamar santimita 66. Duk wanda ya kawo tirilobayit ya ce a bayan gari ya tsinto, daga waje aka shigo da shi.

Akwatin kansa ba a yi shi don yanayinmu ba. Kwali ne, gara kuma ba ta barin kwali a sito. A mayar da kayan cikin robar abinci mai murfi, kowanne a naɗe da tishu, a cire audugar domin zarenta na sarƙewa a ƙayoyi ya karya su. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kada a bar zubin a bayan mota ko a bakin taga: siraran ƙayoyin Fallotaspis suna lanƙwashewa, rana kuma tana mayar da rezin rawaya. Elrathia ba ya son ruwa ko kaɗan. Dutsen laka falle-falle yake, idan ya jiƙe ya bushe sai ya riƙa ɓarewa, don haka ƙurar hunturu da busasshen burushin fenti mai laushi ake share ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. A watan Agusta a jefa ƙullin nan na shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a cikin robar. Idan wani abu ya karye, ɗigo ɗaya na Super Glue a bakin tsinke ya isa. Idan aka matsa daga kwalba kai tsaye yana malala ya bar farin tabo da ba ya fita. A rubuta lamba a ƙasan kowanne da alƙalami mara gogewa, a rubuta sunan a littafi, domin kati na ɓacewa tun zangon farko.

Guda shida ba sa isar aji mai ɗalibi sittin, kuma hannu sittin ba abin da za su bari na Elrathia. Mafita ita ce a kwafi zubin. A murza yumɓun wasa na yara ya yi kaurin santimita 2, a barbaɗa hoda a fuskar zubin Fallotaspis, a danna shi a kife a hankali, a ɗago shi a miƙe ba tare da girgizawa ba. A kewaye ramin da ɗan bangon kwali. A auna ruwa mililita 70 a kofin roba, a barbaɗa garin POP giram 100 a kan ruwan, ba a zuba ruwa a kan gari ba, in ba haka ba sai ya yi gudaji. A bar shi minti biyu ya sha, a juya a hankali don kada iska ta shiga, a zuba daga gefe ɗaya, a bubbuga teburin kumfa ta taso. Bayan minti 30 ana cirewa, amma sai ya kwana biyu kafin a shafa masa launi. Da zafi yana saurin kamawa, don haka a yi amfani da ruwan randa, kuma kada a kwaɓa fiye da na uku a lokaci ɗaya. POP yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, kada yaro ya tsoma yatsa ya bari a ciki, ragowar kuma kada a zuba a magudanar ruwa, toshe ta yake yi. Da zubin rezin kaɗai ake wannan. Idan aka danna Elrathia a yumɓu, ɓawonsa na iya biyo yumɓun.

Kafin a biya, a buɗe akwati biyu ko uku a zaɓa, domin ba su zo daidai ba. A duba ƙayoyin kan Fallotaspis biyu suna nan, a ƙirga gaɓoɓin Elrathia, a juya Flexicalymene a tabbata kan da wutsiyar na dabba ɗaya ne, ba rabi biyu aka haɗa da gam ba. A roƙi mai shago ya rubuta a rasit cewa huɗu zubi ne, biyu na asali, saboda ranar da mai binciken kayan makaranta zai zo ya tambaya.